Ku Tambayi Masana: "Na Gaji da Yaƙi da Jikina"

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan jiki suka taru: masu son ramewa, masu son ƙiba, da iyayen da hankalinsu ya tashi a kan 'ya'yansu. Likita da masaniyar abinci mai gina jiki ne suka haɗu suka ba da amsa. Kamar kullum, mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 34, 'ya'yana uku. Sau huɗu ke nan ina shiga tsarin rage ƙiba. A na ƙarshen ci ɗaya nake yi a wuni, na bar duk wani abu mai sitaci, na sauke kilo 9 cikin wata biyu. Kafin shekara ta zagayo kilo 11 ya dawo. Yanzu ko madubi ba na son kallo. Ni ce ba ni da juriya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Macen da ta yi wata biyu tana ci sau ɗaya a wuni, ga hidimar yara uku, ba a kiranta marar juriya. Abin da ya same ki shi yake samun mafi yawan waɗanda suka bi wannan hanya, kuma dalilinsa yana cikin halittar jiki.

Kilo biyu ko ukun da suka tafi a makon farko, waɗanda suka faranta miki rai, yawancinsu ruwa ne. Jiki yana ajiye sukarin ko-ta-kwana a hanta da tsoka, kimanin giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da kika yanke sitaci sai ajiyar ta ƙare, ruwan ya fita ta fitsari. Ranar da kika koma ci, shi ne farkon dawowa.

Bayan nan sai jiki ya fara kare kansa. Shi bai san wata riga kike son shiga ba, gani ya yi abinci ya yanke, sai ya ɗauka fari aka shiga. Ya rage ƙarfin da yake ƙonawa ko kina zaune, ya ci wani ɓangare na tsokarki tare da kitsen, ya ɗaga sinadarin girelin mai sa yunwa, ya sauke leftin mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. A wani bincike da aka buga a 2011, an sa mutum 50 a Ostareliya cikin tsananin rage ci na mako 10. Shekara guda bayan nan aka sake auna jininsu, aka tarar sinadaran yunwar ba su koma yadda suke ba, kuma mutanen sun fi jin yunwa fiye da kafin su fara. Tun a 1944 zuwa 1945 ma, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, an rage wa samari 36 masu ƙoshin lafiya kusan rabin abincinsu na wata shida. Sun rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, suka zama ba su da hira sai ta abinci, ga saurin fushi, wasu har lashe faranti suke yi. Da aka sakar musu mara, akwai waɗanda suka riƙa ci har cikinsu ya ɓaci. Waɗannan ba masu kwaɗayi ba ne tun asali, yunwa ce ta mayar da su haka.

Saboda haka kada ki shiga karo na biyar. Ki koma ci sau uku a wuni, kuma kada ki bar kanki fiye da awa huɗu zuwa biyar babu komai a ciki, domin wadda ta wuni da yunwa da dare take ramawa, a tsaye, da sauri, sannan ta kwana tana zargin kanta. Idan za ki zuba abinci, rabin farantin ya zama ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki irin su wake, ƙwai, kifi ko nama, ragowar kuma hatsi ko wani mai sitaci, kimanin dunƙulen hannunki ɗaya zuwa biyu gwargwadon aikin da kike yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a wuni, gishiri kuma ƙasa da giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wake da ganye kuwa a hankali za ki ƙara su cikin mako biyu zuwa uku, kina shan ruwa sosai, in ba haka ba kumburin ciki zai sa ki tsane su.

Inda za ki fi samun riba da ƙaramin ƙoƙari shi ne abin sha. Gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali iyakar da hukumar ta sa wa babba ita ce kimanin giram 50 a wuni, ta kuma ce giram 25 ya fi. Sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna.

Ki koyi sauraron cikinki. Ki ɗauka 1 ita ce yunwa mai sa jiri, 10 kuma ƙoshin da ko sunkuyawa ba ki iyawa. Ki fara ci a 3 ko 4, ki tsaya a 6 ko 7. Saƙon ƙoshi yana ɗaukar kusan minti 20 kafin ki ji shi, don haka ki zauna, ki ajiye waya, ki dakata a tsakiyar ci ki tambayi kanki ina kika kai. Kada kuma ki haramta wa kanki wani abinci. Abin da aka ce ba za a taɓa ba shi ne zuciya take kwana da shi. Ki ci abin marmarinki a faranti, bayan abinci, a gaban kowa. A makonnin farko kina iya zarcewa, sikeli ma yana iya ɗan hawa, wannan ba alamar lalacewar tsari ba ce. Barci ya kai awa bakwai, domin ko dare biyu na gajeren barci suna tayar da sinadarin yunwa.

Za ki rame? Wataƙila kaɗan, a hankali, wataƙila kuma nauyin ya tsaya wuri ɗaya ya daina hawa da sauka, wanda shi ma ci gaba ne. Ba za mu yi miki alkawarin adadi ba. Sikelin ki ajiye shi gefe na wata uku, domin nauyin mutum yana canzawa da kilo ɗaya zuwa biyu a wuni guda saboda ruwa, gishiri da gabatowar al'ada. Batun madubi kuwa, ba dole ba ne ki wayi gari kina ƙaunar kowane lungu na jikinki. Ki fara da daina zaginsa, ki ɗinka kayan da suka yi miki daidai a yau, ki fitar da waɗanda kika rataye suna jiran ranar da za ki rame. Idan kuma nauyin ya zo tare da yawan jin sanyi, kasala, rikicewar al'ada ko fitowar gashi a haɓa, ki ga likita a duba maƙoshi da ƙwayayen mahaifa, ki kuma nuna masa duk maganin da kike sha.

Tambaya: Ni dai wannan magana ta "ka so jikinka yadda yake" ban gamsu da ita ba. Ƙiba ai cuta ce, gara a faɗa wa mutum gaskiya ko da zai ji haushi. Ni kaina shekarata 47, tsayina mita 1.72, nauyina kilo 91, kuma na san ban kyauta ba.

Amsa: Malam, rabin maganarka gaskiya ne. Kitse mai yawa, musamman wanda ya taru a cikin tumbi yana kewaye da hanta da hanji, yana ƙara haɗarin ciwon suga, hawan jini da ciwon zuciya. Masu cewa a intanet nauyi ba shi da wata alaƙa da lafiya sun wuce gona da iri. Amma asalin tafiyar nan ta "ka so jikinka", wadda ta samu ƙungiyarta ta farko a Amurka a 1969, neman mutunci ne: kada a hana mutum aiki, ko a wulaƙanta shi a asibiti, saboda girman jikinsa.

Inda muka rabu da kai shi ne amfanin gori. An gwada, ba ya aiki. Wani bincike na 2013 da ya bi mutum sama da 6,000 a Amurka na shekara huɗu ya gano cewa waɗanda aka tsangwama saboda nauyinsu sun fi sauran yiwuwar faɗawa cikin ƙiba mai yawa, kusan ninki biyu da rabi. Wanda aka kunyata yakan guje wa asibiti, ya guje wa filin motsa jiki, ya koma ci a ɓoye.

Mu zo kanka. Ma'aunin BMI naka, wato nauyi a raba da tsayi sau tsayi, ya kama kusan 30.8, ka ɗan shiga sahun masu ƙiba. Sai dai wannan lissafi wani masanin ƙididdiga ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fitar da shi a shekarun 1830 domin nazarin jama'a a dunƙule, kuma ba ya bambance tsoka da kitse, ba ya faɗin inda kitsen yake. Tef ɗin tela zai fi gaya maka gaskiya. Ka tsaya a miƙe, ka lalubo haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ka zagaya tef a tsakiyarsu, yawanci ɗan sama da cibiya, ka saki numfashi ba tare da shanye ciki ba, sannan ka karanta. Abin da ake so kada ya kai rabin tsayinka, a wurinka ƙasa da santimita 86. Kuskuren da maza suka fi yi shi ne aunawa a inda wando yake zama, ƙarƙashin tumbi.

Sai ka je a auna maka jini. Hawan jini yana farawa daga 140 bisa 90 idan aka maimaita awon a ranaku daban-daban. Sukarin safe kafin a ci komai, a ma'aunin mg/dL, 126 zuwa sama ciwon suga ne, 100 zuwa 125 kuma gargaɗi. Ko da ka faɗa sahun gargaɗin, ba sai ka koma jikinka na saurayi ba. A babban gwajin riga-kafin ciwon suga na Amurka da aka buga a 2002, mai mutum 3,234, waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. A jikinka kilo shida da ɗoriya ke nan.

Tambaya: Wata uku ke nan ina shan shayin rage tumbi da dare, da rana kuma ina ɗaura bel. Cikina yana lafewa da safe, amma ranar da ban sha ba ba na iya bayan gida.

Amsa: Kallon kitse kike yi wa rogo, ƙanwata. Yawancin irin wannan shayi filasko ne a ciki, maganin sa gudawa. A babban hanji yake aiki, alhali abincin da kika ci ƙaramin hanji ya riga ya tsotse shi tun kafin ya isa can. Abin da yake fita ruwa ne da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda zuciya take buƙata don ta buga daidai. Ƙarancinsa yana kawo kasala, ɗaurewar tsoka da bugun zuciya marar tsari. Wasu irin shayin kuma an sha kama su da sibutaramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ki daina. Hanjinki ya saba da a tura shi, don haka za ki yi fama da maƙarƙashiya da ɗan kumburi na kwanaki, wani lokacin har mako biyu ko uku. Ki sha ruwa kofi takwas a wuni, ki ƙara ganye da 'ya'yan itatuwa, ki riƙa tafiya, ki zauna a bayan gida minti biyar bayan karin kumallo ba tare da yunƙuri ba. Idan kika kwana huɗu babu komai, ko kika ga jini, ko ciwon ciki mai tsanani, asibiti za ki. Bel kuwa matse nama kawai yake yi, ya hana ki cikakken numfashi, ya turo ƙwannafi. Babu wani abu da ake ɗaurawa ko shafawa da yake zaɓar kitsen wuri ɗaya ya narkar.

Tambaya: Ni kuma ramata ce ta dame ni. Ana ta ce min kamar a hure ni in faɗi. Wata ƙawata ta ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi, ta ce dekza sunansu. Wata biyu ina sha, kumatuna sun ciko, amma ƙuraje sun feso min.

Amsa: Garin neman gira za ki rasa ido. Deksametason magani ne mai ƙarfi na kumburi da wasu manyan cututtuka, kuma cikowar kumatun da kike murna da ita illarsa ce. Yana tara ruwa, ya kwashe kitse ya jibge a fuska, ƙeya da ciki, hannu da ƙafa kuma su sirance domin yana cin tsoka. Yana ɗaga sukari da hawan jini, ya sa fata ta yi laushi har nanƙarwa ta fito, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki.

Amma kada ki yanke shi yau da kanki. Wanda ya sha fiye da mako uku, jikinsa ya rage ƙera nasa sinadarin kotisol, wanda maganin yake kwaikwayo, kuma yankewa farat ɗaya tana iya kawo amai, faɗuwar jini da suma. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita cikin makon nan, ki gaya masa guda nawa kike sha da ranar da kika fara, shi zai tsara miki yadda za a janye a hankali.

A nan kuma sai a duba ko akwai dalilin ramar. Idan haka kike tun tasowa, 'yan gidanku ma haka, kina da kuzari, al'adarki tana zuwa daidai, to ƙirarki ce. Abin dubawa shi ne BMI ƙasa da 18.5, ko raguwar kashi 5 cikin 100 na nauyi cikin wata shida zuwa shekara ba da niyya ba. Idan kina son ƙari ta hanya mai kyau, ki ci sau biyar ko shida ƙanana, ki ƙara kalori 300 zuwa 500 a wuni daga madara, ƙwai, gyaɗa da ɗan mai a abinci, ki bar shan ruwa da yawa dab da ci, ki kuma yi atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu ko uku a mako.

Tambaya: Gwiwata tana ciwo, kuma da na hau bene sai haki. An ce sai na yi taku dubu goma a wuni. Ni ko dubu uku ba na yi.

Amsa: Hajiya, dubu goman nan daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali, a Jafan, a 1965. Binciken 2019 a kan mata manya sama da 16,000 ya nuna masu taku kusan 4,400 sun fi masu 2,700 tsawon rai, amfanin kuma ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500. Ki fara da minti 10 bayan abinci, sau ɗaya a wuni, a shimfiɗaɗɗen wuri, da takalmi mai laushin ƙasa. Kowane mako ki ƙara minti biyu ko uku, har ki kai minti 150 a mako. Saurin da ya dace shi ne wanda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba.

Gwiwa kuwa tsokar cinya ce take tallafe ta. Ki zauna a kujera mai ƙarfi da aka jingina da bango, ki miƙe, ki koma a hankali, sau 8 zuwa 12, ki huta minti ɗaya, ki maimaita, kwana biyu ko uku a mako. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ciwo mai suka ko kumburin gwiwa yana nufin ki rage. Nauyin ƙirji, jiri ko haki kina zaune kuwa, ki tsaya ki ga likita a ranar.

Tambaya: 'Yata mai shekara 14 ta fara cika. Na ɗan yi mata magana, ƙannenta ma suna tsokanarta. Yanzu ba ta karyawa, da an zuba abinci sai ta ce ta ƙoshi. In sa ta a tsarin rage ci ne, ko in ƙyale ta?

Amsa: Kada ki sa ta, Maman yarinya. A wannan shekarun jikin 'ya mace yana tara kitse a ƙugu, cinya da ƙirji, kuma sau da yawa faɗi yana riga tsayi zuwa. Lokacin ne kuma take gina ƙashin da za ta rayu da shi, har tana buƙatar kalsiyam fiye da ke. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi a 2016 cewa sa matasa rage ci da yawan yi musu zancen nauyi suna ƙara haɗarin ƙiba da kuma ciwon ƙin cin abinci.

Tsokanar ƙannen ta tsaya daga yau, kuma dokar ta hau kan kowa, har baƙi, har ke idan kina kushe naki jikin a gabanta. Ki same ta ita kaɗai, ba a lokacin cin abinci ba, ki ce mata kin yi kuskure da maganar da kika yi. Kada ki ce "kin rame" ko "ba ki da ƙiba ai", ki faɗi abin da idonki ya gani: "Na lura kwana biyar ba ki karya ba, hankalina bai kwanta ba." Sannan ki yi shiru ki saurara. A raba aiki: ke za ki yanke abin da za a ci, da lokaci, da wuri, ita kuma ta yanke yawan da za ta ci. Abinci iri ɗaya ga kowa, a ci tare. Duk gyaran da za a yi, kamar rage lemo, a yi shi a gidan baki ɗaya.

Wannan rabon aikin na yarinyar da ba ta riga ta kamu ba ne, don haka ki sa ido. Shiga bayi da zarar an gama ci, ɓoye abinci ko zubar da shi, yanka loma ƙanana-ƙanana tana juya ta a faranti, motsa jiki a ɗaki da dare, manyan kaya don ɓoye jiki, zubar gashi, jin sanyi kullum, ɗaukewar al'ada: ko biyu daga ciki kika gani, ki kai ta asibiti ba tare da jiran ta rame ba, domin ciwon yana kama masu jiki ma. Ki rubuta abin da ta ci na kwana bakwai ba tare da ta ga kina rubutawa ba, ki tafi da shi, ki roƙi a auna bugun zuciyarta da jininta a kwance da kuma a tsaye. Idan ta suma, ko ta yi amai da jini, ko ta wuni ta kwana ba ta ci ba ta sha ba, sashen gaggawa za ku nufa a daren.